Ƙusoshin da Na Zare

Samari, ni ba a haife ni ɓarawo ba, kuma ba yunwa ce ta koya mini sata ba, saboda haka kada wani ya ɓata tausayinsa a kaina. A wani ƙauye na ƙasar Bebeji aka haife ni, gidan da rumbu ba ya rabuwa da dawa. Mahaifina manomi ne mai tsoron Allah, irin mutanen da ko zangarniya ɗaya ta gonar maƙwabci ta faɗo cikin tasu sai sun mayar. Na yi karatun allo daidai gwargwado. Abin da ya raba ni da fartanya ƙyuya ce kawai, da son a gan ni a kasuwa da hula a karkace. Da mahaifina ya ga ni da noma ba za mu shirya ba, sai ya kai ni wurin wani kafinta a Kwanar Dangora, ya ce ko Allah zai sa hannuna ya kama sana'a.

Hannun kuwa ya kama. Lokacin zamanin En'e ne, wato hukumar gargajiya, saura 'yan shekaru Turawa su tafi, ana ta gina makarantun elementare a manyan ƙauyuka. Aji biyu ne da ɗan ofishin malami, a yi musu rufin kwano, ka hango shi yana walƙiya tun daga nesa a ƙasar da kowa yake kwana ƙarƙashin ciyawa ko azara. Maigidana ya sami aikin rufa wasu daga ciki. Ni nake hawa sama, don ba ni da nauyi kuma ba na jin jiri. Na san yadda ake jera fallen kwano wani kan wani, na san inda ake buga ƙusa mai hula don kada iska ta sami wurin shiga.

Da ƙusar nan na fara. Wata rana za mu tashi aiki na ga ragowa a gwangwani, na damƙi cikin hannu na zuba a aljihu. Wani mai shago ya saya bai tambaye ni komai ba. Na sake, na kuma sakewa, har ranar da na sunkuya ɗaukar katako suka zubo a gaban maigidana.

Ya dube ni ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Haba maigida, kayan wa na ci? Na En'e ne. En'e kuwa ba ta da uwa ba ta da uba, balle wani ya yi kuka."

Ya ce, "Tattara ka tafi. Wanda ya fara da ƙusa, rufin yake nema."

Na tafi ina masa dariya a zuci. Kunya ta hana ni komawa gida, girman kai ya hana ni ba shi haƙuri. Na riƙe hamata da awartakina na shiga duniya.

Ku da kuka taso kuka tarar da makaranta a tsakiyar gari ba za ku gane yadda abin yake a da ba. A bayan gari ake gina ta, don mutane da yawa ba su saki jiki da boko ba. In aka ba da hutu malamai suka tafi garuruwansu, sai ta zama kango. Makiyaya su shigar da tumaki aji su sha inuwa, mata masu neman itace su karya ƙafar benci, yara su yi gasar jifan taga. Kowa yana ɗan taɓawa, ni kuwa na mai da abin sana'a. Ban taɓa haura katangar kowa cikin duhu ba. Rana tsaka nake zuwa da hama a kafaɗa, in cire ƙyauren aji in ɗora a ka, duk wanda na gamu da shi ya ce mini sannu da aiki, don ya ɗauka gyara aka aiko ni. Ƙofofin makarantun ƙasar Kiru da yawa sun ƙare a shagunan mutane ta hannuna. Kuma wallahi ko sau ɗaya ban kira kaina ɓarawo ba, tunda ban ga mai kayan ba.

Sai hukuma ta gaji da gyara. Aka fito da dabara, kowace makaranta a gina ɗan ɗaki a bayanta, a zaunar da mai gadi da iyalinsa, nan ne gidansa dare da rana. Da na ji labari na yi tsaki, na ce tsofaffin da za su ɗauko ko kare ba za su iya kora ba. Ashe ban gane ba. Ranar da na je wata makaranta da na saba, tun daga nesa na ga hayaƙin girki. Na ƙaraso na tarar da kaji suna kiwo a filin wasa, an kife turmi a jikin bango, ga zannuwa a kan igiya. Kafin in juya wata mata ta leƙo ta ce, "Maraba da baƙo," ta aiko mini da ruwa a moɗa. Na sha na yi godiya na wuce, hamata tana nauyi a kafaɗa. Ba sandar mai gadi ce ta kore ni ba. Wurin ne ya zama gidan mutane, ga shi kuma an ga fuskata.

Kasuwa ta mutu mini. Da mai hankali ne da ya koma wurin maigidansa ya durƙusa. Ni kuwa sai na nausa kudu, na ratsa Tudun Wada na shiga ƙasar Doguwa, inda ba wanda ya san ni. A Riruwai na haɗu da wani dillali mai sayar wa 'yan haƙar kuza tsohon kwano suna rufa rumfuna. Ya ce ko nawa na kawo zai saya, har jakunan ɗauka zai ba ni. A nan Shaiɗan ya buɗe mini ƙofar da nake ganin wayo ce. Na ce tunda makaranta ta zama gida, to gida ai ba ya korar baƙo.

Makarantar da na zaɓa tana wani ƙauye a gindin duwatsu, tafiyar hantsi daga Riruwai. An ba da hutu, ga zafin bazara. Mai gadinta wani dattijo ne, Baba Tanko, wanda ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin kuza har tari ya kama shi. Ba shi da gona ba shi da kowa sai matarsa, Iya Hansai. Ɗakin nan na bayan makaranta shi ne rufin asirin da Allah ya yi musu a ƙarshen rayuwa, kuma sun riƙe wurin kamar gadon ubansu. Baba yana share aji kullum ko da ba ɗalibi ko ɗaya. Iya ta kewaye gefen ɗakinsu da darni, ta ɗaure 'yar akuyarta, tana yin daddawa tana kaiwa kasuwa ranar Juma'a.

Na yi sallama, na durƙusa na gaishe shi, na ce ni kafinta ne matafiyi, rana ta yi mini, ko zan sami inda zan sa haƙarƙarina kwana biyu. Na ɗaga kai na dubi rufin na girgiza kai, na ce, "Baba, wanda ya yi muku aikin nan bai ji tsoron Allah ba. Ruwan fari zai zuba a kan littattafan yara."

Ya ce, "Ka ga kuwa bara ya yi yoyo ta kusurwar can. Na kai kuka har na gaji."

Na ce ni zan gyara, ba na son ko anini, ladan nake nema. Tsohon nan ya kama hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka. Ya buɗe mini aji ɗaya ya shimfiɗa mini tabarma, ya je cikin gari ya aro mini tsani da kansa.

Iya Hansai ce ta fi ba ni wahala, ba don ta zarge ni ba. Ranar farko da ta kawo mana tuwo ta tsaya tana kallona har Baba ya yi mata magana. Ta ce, "Yaron nan tsawonsu ɗaya da wanda ba na faɗin sunansa." Ɗansu na fari take nufi, shi kaɗai ya rayu ya girma, rami ya rufta da shi a wurin haƙar kuza. Daga ranar ta daina ce mini baƙo. In ta dama fura sai ta ware mini mai kauri. In na hau sama ta riƙa ɗaga murya, "Ɗan nan, taka a hankali, kwanon ya yi zafi." Ni da Baba ƙwarya ɗaya muke ci, yana tura mini ɓangaren da miya ta fi yawa. Na ci, na sha, na ce Allah ya saka da alheri, bakina bai ko yi rawa ba.

Ga aikin da nake yi a sama. In sa awartaki in zare ƙusa a hankali in jefa a jaka, sannan in ɗauki hama in yi ta bugun katako don su ji a ƙasa kamar gyara ake yi. Kowane falle na bar masa ƙusa ɗaya sama ɗaya ƙasa, daidai yadda zai zauna a wurinsa. Wanda ya duba daga ƙasa zai ga rufi lafiya lau. Shirina shi ne ranar Juma'a, in Baba ya tafi masallaci a babban gari Iya kuma ta tafi kasuwa, in zare ragowar, in sauke kwanon gaba ɗaya kafin a sauko daga salla, jakuna suna jira a rafin bayan makaranta.

Ana cikin haka wata safiya Iya ta kira ni ta nuna mini wata kuka. Ta ce, "Kafinta, ka hanzarta da aikin nan. Shamuwa ta sauka a kan kukar can tun jiya."

Na ce, "Haba Iya, ai da saura. A garinmu yanzu ko sharar gona ba a gama ba."

Ta ce, "Garinku daban. Nan gindin dutse ne, ruwanmu ba ya sallama."

Na yi dariya na hau tsani. Ni ɗan Bebeji ne, da lissafin Bebeji nake auna damina, na ɗauka ina da sauran makonni. Ban san kudu tana riga mu samun ruwa ba, ban kuma san irin iskar da take zuwa gaban ruwan fari a tsakanin duwatsun nan ba. An gaya mini da baki, na ƙi ji, don ina ganin tsohuwa mai daddawa ba ta da abin da za ta koya mini.

Ranar Alhamis da sassafe na ce zan je Riruwai sayo ƙusa. Ƙarya ce, ƙusoshinsu ne a jakata zan kai kasuwa, in kuma tsayar da magana da dillali. Zan fita Iya ta tare ni ta kama hannun farar rigata ta ce, "Tuɓe wannan. Gobe Juma'a, ba za ka bi Babanka masallaci da wannan dauɗa ba, a ce ba ka da uwa a garin nan." Na tuɓe na ba ta, na tafi da 'yar shara.

A Riruwai komai ya tafi daidai. Na sayar da ƙusa, na ci tsire, muka ajiye magana jakuna za su zo gobe. Bayan azahar na kamo hanya. Zafin ranar nan na daban ne, ko ganye ba ya motsi, gumi yana bin bayana. Wajen la'asar na iso wata tsamiya a kan tudu, daga nan ana hango rufin makarantar. Na waiwaya gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, yana tahowa.

Samari, ku saurari wannan wurin da kyau, don a nan na hallaka, ba a kan rufi ba. Ina da lokaci. Da na sa gudu a lokacin da na isa kafin iska, in ce musu su shige ɗakinsu na ƙasa su rufe ƙofa, kada kowa ya kusanci aji. Amma in na faɗi haka sai Baba ya ce don me, rufin da ka gyara? To me zan ce masa? Sai na zauna a gindin tsamiyar nan ina lallashin kaina. Na ce wataƙila hadarin ya zarce kudu. Na ce wataƙila ƙusa biyu su riƙe. Na ce ai tsofaffi ne, da sun ga hadari za su shige ɗaki da kansu. Ina zaune ina auna mutuncina da rayukan mutanen da suka ciyar da ni, kuma mutuncin ɓarawo ya fi nauyi a wurina.

Iska ta iso. Da idona na ga fallen farko ya ɗaga baki, ya kaɗa, ya tashi sama. Na biyu ya bi shi. Daga nan sai rufin ya riƙa ɓarewa kamar ana ɓare masara, kwano yana juyi a sama yana wata irin ƙara da har yau ban sami abin kwatanta ta ba. Sai a lokacin na zabura da gudu, ruwa yana dukana, ina kiran sunan Allah da bakin da ya gama cin tsiren ƙusoshinsu.

Baba ba ya nan, ya shiga gari sallar la'asar ruwa ya tsare shi. Iya na tarar a kwance a gefen darni, tsakanin aji da ɗakinsu. Ta ɗaure akuyarta a ɗaki, ta kwashe daddawarta, ta riga ta tsira. Sai ta tuna da rigata a kan igiya ta sake fitowa. Falle ɗaya ya same ta a gefen wuya. Rigar tana ƙudundune a ƙirjinta, ta rufe ta da jikinta kada ta jiƙe.

Na ɗago kanta. Ta buɗe ido ta gane ni. Ta ce, "Ɗan nan, ka dawo? Aikinka duk ya tashi." Ta ja numfashi ta ce, "Kada ka sa a ranka. Iska ce."

Ba ta ƙara cewa komai ba sai kalmar shahada da na ga leɓenta yana yi. Hausawa suna cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, amma ko ƙwarzane ban yi ba.

Washegari Juma'a da safe aka yi jana'iza. Da ni aka haƙa kabari, da ni aka ɗauki makara. Mutanen gari suna nuna ni suna cewa ga baƙon kirki, ya yi wa makaranta aiki kyauta, ga shi yana kuka kamar uwarsa ce ta rasu. Kukan gaskiya ne, amma ban buɗe baki ba. Masu jakuna suka zo rafi suka gaji da jira suka koma. Da aka yi sadakar uku na sulale ban yi wa kowa sallama ba. Rigar ma na bar ta, don ba na iya kallonta.

Za ku zaci daga nan na tuba. Ina! Mai laifi in bai tuba ba ƙara nutsewa yake yi. Na shiga shan burkutu don in sami barci. Hawa rufi ya gagare ni, tsoron tsani ya kama ni. Na koma satar ƙofa da taga, ba dabara ba lissafi. A wata makaranta kusa da Kafin Maiyaki dubuna ta cika. Na ga mai gadi ya fita, na manta yana da mata. Ina cikin cire ƙyaure ta fito daga bayan ɗaki ta kurma ihu, manoma suka fito da fartanyu suka kewaye ni. Aka miƙa ni ga 'yan doka, alƙali ya tara tsofaffin ƙararraki a kaina, aka kai ni gidan yari a birni. A kan ƙyaure aka ɗaure ni. Maganar Iya Hansai ba wanda ya tayar, don ba wanda ya sani.

Na sha aiki, na sha ƙwarƙwata, na ci tuwon da ko kare zai yi shawara kafin ya ci, amma duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni ɗakinmu rufin kwano ne. Da zarar iskar hadari ta taso kwano ya fara ƙara, sai in ji muryarta a kunnena tana cewa iska ce. In toshe kunne in cusa kai tsakanin gwiwoyi, fursunoni suna dariya suna cewa ga ƙaton da yake tsoron ruwa. Akwai wani malami da yake zuwa yi mana wa'azi. Wata rana na tsare shi na tambaye shi ko Allah yana gafarta wa wanda ya yi sanadin rai.

Ya ce, "Rahamar Allah ta fi zunubinka faɗi. Amma haƙƙin bawa, sai ka je ka nemi bawan ya yafe."

Na ce, "In ya rasu fa?"

Ya ce, "Ka nemi magadansa, ka yawaita yi masa addu'a da sadaka. Saura kuma sai ranar da za ku tsaya gaban Mai Shari'a."

Ranar da aka sake ni ban nufi Bebeji ba. Motar kaya na hau zuwa Tudun Wada, daga nan na taka da ƙafa. Na tarar an yi wa makarantar sabon rufi, yara suna karatu da ƙarfi a aji, amma wani mutum ne daban a ɗakin mai gadi. Shi ya gaya mini cewa bayan abin da ya faru an aiko mai bincike, ya ce zare ƙusoshin aka yi, aka ɗora wa Baba Tanko laifin barin baƙo ya hau rufi. An tambaye shi suna da garin baƙon, ya ce shi bai riƙe ba. Aka sallame shi. Yanzu yana zaune a zauren limamin garin.

Na same shi a kan buzu yana tufkar igiya, ya rame, tarin ya ci ƙarfinsa. Na yi sallama na zube a gabansa. Ya ɗago ya ce, "Kafinta ne? Ka sha hanya."

Na ce, "Baba, ba iska ba ce. Ni ne." Na kwashe komai na gaya masa, har zaman da na yi a gindin tsamiya ban ɓoye ba.

Bai daina tufkarsa ba. Ya ce, "Na sani. Tun ranar da muka tattaro kwanon. Wanda iska ta fizge, ramin ƙusarsa yagewa yake yi. Waɗannan kuwa ramukansu lafiya lau suke."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa, Baba? Ka san sunana, ka san garinmu."

Ya ce, "Ta kira ka ɗa. Ƙasar kabarinta ba ta bushe ba, ta yaya zan kai ɗanta gaban alƙali?"

Na kifa kai a ƙasa ina kuka, na ce ya yafe mini don Allah don Annabi. Ya bari sai da na yi shiru. Sannan ya ce, "Ɗakin da na rasa, da aikin, da zaman kaɗaicin nan, na yafe maka duniya da lahira. Nata kuwa ba a hannuna yake ba. Ta tafi tana zaton iska ce. Ba ta san akwai abin yafewa ba, ni kuma ba zan yi mata ƙarya ba."

Ya yunƙura da ƙyar ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin buzunsa ya kwance. Farar rigata ce, a ninke. Ya miƙo mini ya ce, "Ga rigarka. Ta wanke maka."

Na zauna a garin nan ina yi masa hidima har Allah ya karɓi abinsa, ni na sa shi a kabari kusa da ita. Daga baya na koma gida na tarar mahaifina ya rasu ban nemi gafararsa ba, na koma kan sana'ata ta halal. Tsoron tsani ya sake ni a hankali. Tun daga lokacin, duk shekara da na ga shamuwa ta sauka, sai in ɗauki jakar ƙusa in bi makarantun da ƙafata za ta iya kaiwa, in roƙi mai gadi ya bar ni in hau in duba, yana tsaye yana kallon hannuna. Mutane suna cewa ni mai son lada ne. Ba su san komai ba. Na buga ƙusoshin da suka ninka waɗanda na zare ban san iyaka ba, amma har yau in hadari ya haɗo gabas abinci ba ya shiga cikina.

To samari, da na gaba ake gane zurfin ruwa. Kada wanda ya ruɗe ku da cewa kayan hukuma ba na kowa ba ne. Ni na faɗi haka da bakina, ina saurayi mai hula a karkace, kuma na ga mai kayan kwance a cikin ruwa. Duk ƙofar da kuka cire akwai wanda take karewa, duk ƙusar da kuka zare akwai wanda yake ƙarƙashinta ko ba ku gan shi ba. In kun wuce makaranta kuka ga hayaƙin mai gadi, ku tsaya ku gaishe shi, don amanar 'ya'yanku yake riƙe da ita a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Kada ku ci tuwon mutum kuna shirya masa sharri. In kuwa ƙaddara ta sa kun riga kun yi ɓarna, kuka hango hadarinta yana tahowa kan wani, to ku tashi da gudu ku faɗa, ko za a ɗaure ku, ko za a tofa muku yawu. Ɗauri yana ƙarewa, ni shaida ne, na shiga na fito.

Rigar tana nan a ƙasan akwatina. Ban taɓa sa ta ba, na kuma kasa bayar da ita. Na tsufa yanzu, tafiyar ta matso, kuma ba mutuwar ce take hana ni sukuni ba. Abin da nake tsoro shi ne ranar da za a tsayar da ni gaban Iya Hansai, a gaya mata ba iska ba ce.